Kada Ki Tura Saƙon Nan Ranar Juma'a

Wurno, Talata, bayan la'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa gare ki, ke da kika tafi Goronyo da sunan sallama da dangi, ashe ɓuya kika je yi. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, Ya tsare ki zaune da tafe, Ya kiyaye ki daga sharrin mutane da sharrin shawarar da kike yankewa ke kaɗai a cikin ɗaki. Ki gaishe da Gwaggo Hajara. Kada ki yi fushi da ita don ta tona ki. Tun tana budurwa magana ba ta kwana a cikinta, babanki ya sha faɗa da ita a kan haka, amma wannan karon halin nata ya yi mini rana.

Jiya da hantsi ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Kin san ɗiyarki ta hwasa?"

Na ce, "Ta fasa mi?"

Ta ce, "Tahiyar mana. Ran Juma'a za ta rubuta ma malamar jami'ar can ta ce a ba wani gurbin. Wai ba ta barin babanta cikin wanga hali."

Na ajiye wayar. Na ɗauki tukunyar da na riga na wanke na sake wanke ta, sai da babanki ya leƙo ya ce ko ramuwa nake yi a kan tukunyar. Ban gaya masa ba. Har yanzu bai sani ba, kuma ina so ki gyara abin nan kafin ya ji.

Da na kira ki a waya da na yi ihu, ke kuma ki ce "To, Adda," da muryar nan taki mai sanyi, ki je ki yi abin da kika yi niyya. Na san ki. Shi ya sa na ɗauko biro. Takarda ba ta bari a katse ta da "to".

Ki fara sanin cewa na karanta takardun da kika bari a kan firji. Duk na karanta, da ƙamus a gefe, kwana huɗu. Shekara ashirin da uku ina leƙen jinin mutane a madubin likita a ƙaramin asibitin nan, kada ki ɗauka uwarki ba za ta gane abin da aka kira ki ki yi na mako goma a waccan jami'ar ta ƙasar waje ba. Ga abin da na fahimta, in na kauce ki gyara mini idan kin dawo. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wasu 'yan ƙananan murahu da ake ce wa mitokondiriya, su ke juya abinci ya zama ƙarfi. Suna tsufa, suna lalacewa, kuma lalatacce ba ya zama shiru, yoyon guba yake yi wa ƙwayar da ke ɗauke da shi. Sai ƙwayar ta sa masa alama, ta naɗe shi cikin wata 'yar jaka, ta kai shi inda ake narkarwa, ta tsince abin da ke da amfani ta sake gini da shi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuwa ba a cika sauya su ba, da su ake tsufa, don haka idan wannan kwasar ta tsaya a cikinsu sai su yi ta mutuwa a hankali. Kuma masana suna ganin hakan na da hannu a cikin wasu nau'o'in ciwon karkarwa, irin wanda ya kama hannun babanki. Da na kai wannan layin na gane dalilin da ya sa kika zaɓi wannan ɗakin bincike ba wani ba. Ba ki gaya mini ba. Ba kya gaya mini komai, zan kuma zo kan wannan.

Kin tuna ranar da kika yi wa babanki bayani a gindin rudun da yake ajiyar albasarsa, wancan hutun? Yana zaune kan buhu yana juya albasa ɗaya bayan ɗaya, kina ta zuba Turanci kina dawowa Hausa. Ya saurare ki har kika gama, ya ce, "To, ke nan tsintar albasa za ki yi. Sai an hau jirgi kahin a koyi abin da nika yi tun ba a haihe ki ba?"

Kika ce, "Baba, ba ɗaya ba ne."

Ya ce, "Ɗaya na. In na bar ruɓaɓɓa guda, mako biyu ta ɓata mini kwando. Amma ki tambayo mini su abu ɗaya. Ni sai na latsa wuyan albasa nika sanin ta tahi, tun ba ta yi wari ba. Ita ƙwayar, ƙaƙa taka ganewa? Ba ta da yatsa."

Kika yi dariya kika ce za ki tambayo. Shi bai ɗauke shi wasa ba. Shekaranjiya na ji yana gaya wa Baffa Umaru cewa ya aiki ɗiyatai ƙasar Turawa da tambaya. Mutumin da yatsunsa yanzu ba sa tsayawa su ji wuyan albasa sosai, abin da yake alfahari da shi ke nan, ke kuma kina can kina shirin soke masa aike.

Yanzu ki zauna ki ji abin da ban taɓa gaya miki ba.

Kina da shekara huɗu aka ba ni gurbin ƙaro karatu na shekara biyu a Zariya. Mu uku aka zaɓa a duk yankin. Na ɗinka kaya, na sayi akwati mai ruwan toka, wanda kika sani a saman sif. Saura kwana tara Inna, mahaifiyata, ta faɗi a Gandi, ɓarin jikinta ya saki. Ba wanda ya ce in zauna. Babanki ya ce in tafi, 'yan uwana mata biyu suna gari ɗaya da ita, sun ce in tafi. Ni ce na rubuta takarda na ce a ba wani. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar, har ina jiran a yaba mini.

Inna ta warware cikin wata uku, sai ɗan jan ƙafa. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya tana tatsar shanunta tana faɗa da kowa. Gurbin bai sake zuwa ba. Wanda aka ba shi ya dawo ya zama shugabana, yana rubuta sunayen gwaje-gwaje ba daidai ba ina gyara masa da fensir don kada ya ji kunya.

Ba rashin gurbin ne ya fi ci mini rai ba, abin da ya mayar da ni ne. Na koma ina zuwa Gandi duk Asabar da fuska a ɗaure. Ina yi wa Inna wanki ina bugun kayan kamar su suka hana ni. Ina miƙa mata magani ba na kallon idonta. Wata rana ina tsefe mata kai na ja gashin da ƙarfi, ta kama hannuna ta juyo ta ce, "Ke, dakata. Ni nac ce ki zauna?"

Na nemi in zare hannuna in ci gaba da tsifar.

Ta ce, "Ki amsa mini. Na roƙe ki? Kin yanka ragonki da kanki, kin zo kina shafa mini jinin. Tashi, 'yar uwarki Hadiza ta ƙarasa mini kitson."

Na fita bayan gida na yi kuka, ba don ta zalunce ni ba, don gaskiya ta faɗa. Na yi wa mahaifiyata hidimar shekara goma sha ɗaya, kuma ina tsoron a ce rabin ladan na zubar da shi da fuskata. Kada ki yi wa babanki haka. Yau kina ganin ba za ki taɓa jin haushinsa ba. Ni ma haka na gani. Haushin ba ya sallama, shekara ta uku ko ta huɗu za ki tarar da shi a hannunki kina miƙa masa kofin ruwa. Babanki mutum ne mai lura, zai gani kafin ke ki gani, kuma ba shi da bakin Inna da zai fatattake ki ku huta. Haɗiyewa zai yi.

Kuma mi kike tsammani za ki yi masa a mako goma wanda ni ba na yi? Maganinsa ina ba shi a kan lokaci, sau uku, na sa ƙararrawa a waya. Na yi musanyar aiki da abokiyar aikina, na dawo na safe zalla. Baffa Umaru yana ɗaukarsa a babur zuwa fadama, ranar da bai samu zuwa ba akwai ɗan kabu-kabun da muka saba da shi. Likitansa na Sakkwato ya ce ciwon tafiyar hawainiya yake yi, ba abin da ake sa ran zai sauya daga nan zuwa kaka sai abin da Allah Ya nufa, wanda kuwa zamanki a tsakar gida ba ya hana shi. Abin da za ki ƙara mana kawai shi ne mutum na uku mai zura wa hannunsa ido lokacin cin tuwo. Ya ishe shi da ni.

Wannan ke nan game da zama. Akwai kuma abin da nake jin tsoro idan kin tafi, shi ma daga kaina na san shi.

A shekarata ta biyu a aiki aka kawo wata mata daga rugar da ke bayan Rara, jikinta zafi kamar garwashi, kwana goma da haihuwa. Ma'aikacin da ya duba ta ya leƙo ta tagar ɗakin gwaji ya ce, "Maleriya ce wagga, duba mini da sauri in rubuta magani." Na shafa jinin a gilas, na rina, na sa a madubi. Ruwan rinin namu ya tsufa, na san ya tsufa, ya fara yin gari-gari a gindin kwalba, amma ina jin nauyin in ce a sayo sabo kada a ce sabuwar ma'aikaciya ta cika fitina. Na duba, na duba. Na ga wasu 'yan ɗigo. A raina na san suna iya zama dattin rini. Amma an riga an gaya mini abin da zan gani, matar tana nishi a kan benci, mijinta ya ƙura mini ido. Na rubuta cewa akwai.

Babu. Ciwon daga mahaifa yake, zazzaɓin bayan haihuwa. Kwana uku tana shan maganin da ba nata ba kafin aka gane aka wuce da ita Sakkwato. Allah Ya yi da sauran kwananta, ta tashi. Har yau idan ta shigo Wurno ranar kasuwa sai ta biyo ta ajiye mini ƙwaryar nono, ta ce, "Likita, ke kika hwara gano mini ciwo." Na gaya mata gaskiya sau biyu, ta ce kai, kunya ce irin ta masu ilimi. Nonon nan da kuke sha kuna santi, ni ban taɓa iya haɗiye shi da daɗi ba.

Na ga a takardunki cewa aikinki zai zama ƙirga ɗigo. Za a sa wa murahun nan rini mai haske, wanda aka kai wurin narkarwa sai launinsa ya juya ja, ke kuma ki zauna ki ƙirga jajayen a kwanon ƙwayoyin da aka sa wa magani da wanda ba a sa wa ba. Da na karanta haka sai matar nan ta faɗo mini a rai. Yarinyar da ke kallon madubi tana tunanin hannun ubanta, jajayen ɗigo za ta gani ko babu su. Ba ƙarya za ki yi ba, ni ma ban yi niyyar ƙarya ba. Ido ne ke yi wa zuciya kara. Saboda haka ki roƙi wani a ɗakin ya rufe sunayen kwanonin ya sa musu lamba kafin ki ƙirga, kada ki san wanne ne wanne sai kin gama. Idan ruwan aiki ya canza kama, ki faɗa da ƙarfi a ranar, ko da ke ce ƙarama a ɗakin, ko da Turancinki zai karkace. Idan kin zubar da wani abu ko kin manta kwano a waje, ki rubuta a littafin aiki da biro, ba da fensir ba. Idan kuma mako goma ya ƙare ba ki ga bambanci ba, ki miƙe a gabansu ki ce ban gani ba. Na yi shekara ashirin ina koyon faɗin kalmomin nan uku ba tare da na sunkuyar da kai ba, ke ki tafi da su a jaka.

Ki kuma sauke wa kanki wani kaya: ba ki je warkar da babanki ba. Manyan da suka yi furfura a kan abin nan ba su warkar da kowa ba tukuna. Kin je ki koyi riƙe kayan aiki, ki koyi tambaya, ki ga yadda masu yi suke yi. In Allah Ya sa wata rana aikinki ya taɓa hannun uban wata, to. In bai sa ba, ba ki ci amanar kowa ba.

Saura na ƙarshe, shi ne wanda na fi jinkirin rubutawa. Na tashi na zuba wa kaji ruwa sau biyu kafin na dawo kansa.

Kin san yadda aka yi. Ke ce ta fari, aka yaye ki aka kai ki Gandi wurin Inna, kamar yadda aka yi wa ta farin kowa a gidanmu. Kika tashi kina ce mini Adda kamar yayarki. Ni kuma ban taɓa kiran sunanki ba. "Ke." "Waccan." "Ku kira mini yarinyar nan." Ranar da kika zo ta ɗaya a makarantarku aka kira iyaye, na zauna a layin baya na yi kamar ina neman abu a jaka. Ranar da saƙon gurbin nan ya zo kika shigo da gudu da waya a hannu, babanki ya yi ta kabbara, ni na ce, "To, madalla. An ɗora shinkafar?" Na ga yadda fuskarki ta yi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba, amma ke shinkafa kika ji.

Ba na zagin kunya. Da ita aka raine ni, akwai kyau a cikinta, kuma Inna ta ba ki abin da ni ban da shi a lokacin. Amma ni na wuce da ita inda al'ada ma ba ta ce ba. Na fake a bayanta saboda ta fi sauƙi. Na karanta littattafai cike da sif, na iya gaya wa shugabana ya yi kuskure, na kasa gaya wa ɗiyata ta yi daidai. Da hannun babanki ya fara rawa ma haka na yi: shekara guda da rabi ina ce muku gajiya ce, ni da na san ko mene ne tun watan farko. Kin gano da kanki, a littafin makaranta. Daga nan kika daina tambayata komai, kuma ban ga laifinki ba.

Ga abin da shirun nan ya haifa. Kin girma kina ganin sai kin yi wahala a gidan nan kafin ki cancanci wuri a cikinsa. Ke ce mai wanke-wanke ba a sa ki ba, ke ce mai ba ƙannenki naki kason. Yanzu kuma kin ɗauko abu mafi girma da kika taɓa samu za ki ajiye a ƙofar ɗakina, ko zan ɗago kai in dube ki. Kuma da za ki yanke shawarar, Goronyo kika kai ta, ba wurina ba. Jiya da nake gurzar tukunyar nan, da ke nake fushi. Yau na san da wa nake yi.

Ba sai kin ajiye komai ba. Wurinki yana nan tun ranar da aka miƙo mini ke a zane, na juya fuska bango saboda mata suna kallo, alhali ina leƙenki ta gefen ido.

Direban da ya kawo miki takardar nan zai sauke miki akwati mai ruwan toka. Na goge shi, na sa an gyara zip ɗin. Shekara goma sha bakwai yana jiran tafiya, ya isa haka. A ciki akwai rigunan sanyi biyu, don an ce ɗakunan binciken nan kamar firji suke ko da bazararsu ce, da yaji, da kuka, da kilishi kaɗan wanda za ki cinye kafin ki sauka don kada su ƙwace. Fasfonki da takardunki suna aljihun ciki. Ki duba lokutan salla na garin tun kafin ki isa, an ce rana tana daɗewa ba ta faɗi ba a can. Ki ci abinci ko ba ki jin daɗinsa. Ki kira babanki ranar Juma'a bayan masallaci, lokacin ya fi sakewa, kuma kada ki tambaye shi hannu, ki ba shi labarin ƙwayoyinki.

Ranar Juma'ar nan kuwa, ki rubuta wa malamar ki ce kina tafe. Ranar Asabar ki zo Wurno ki yi mana sallama da rana tsaka, ta ƙofar gaba, da akwatin a hannu. Babanki zai maimaita miki tambayarsa, ya riga ya sa na rubuta masa ita a takarda don kada ki ce kin manta. Na leƙa amsar a cikin takardunki, na ga alamar sun san wani abu a kai, amma ban gaya masa ba. Ba ni ya aika ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da abokan aiki masu gaskiya, Ya tsare idonki daga ganin abin da babu. Ya ba babanki sauƙi, Ya jiƙan Inna, Ya yafe mini abin da na tauye miki.

Ki tafi, Safiya. Na rubuta sunanki, ga shi nan da hannuna, kuma ranar Asabar za ki ji shi da bakina, ko gaban wa.

Wassalam.

Mahaifiyarki.